Tramol a Cikin Safa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen filin Kawukudi na Akara bayan sallar La'asar ya san yadda wurin yake cika. Ƙananan yara a wannan kusurwa, manya a waccan, masu ruwan leda suna ratsawa, dattawan 'yan kallo kowa da ra'ayinsa kan wanda ya kamata koci ya cire. A nan ne, shekarun baya, na ga wani abu da bai wuce ƙiftawar ido ba, amma har yau bai sake ni ba. Wani yaro da na sani tun yana zuwa makarantar allo, ɗan wasan gefe mai gudu kamar an koro shi, ya durƙusa kamar zai ɗaure igiyar takalmi. Sai ya zaro wani abu daga cikin safarsa, ya jefa baki, ya kora da ruwa, ya miƙe ya shiga fili. Na gani. Mutumin da ke tsaye kusa da ni ya gani. Ba na shakka kocinsa ma ya gani. Babu wanda ya ce uffan. Yaron ya ci ƙwallo biyu a ranar, muka tafa masa har tafin hannu ya yi ja.

Daga baya na ji yadda abin ya faro. An taka masa gwiwa a wani wasa, ta kumbura, ga shi kuma an ce a ƙarshen makon wani ejan zai zo duba yara. Kulob ɗin unguwa ba shi da likita, ba shi da mai gashin ƙashi, ƙanƙarar da za a ɗora ma sai an yi karo-karo. Wani babban yaya a cikin 'yan wasan ya ce masa akwai abin da zai sha ya manta yana da gwiwa. Ya sha, ya manta. Ejan bai zo ba. Gwiwar ta warke bayan wata biyu, amma ƙwayar ta zauna.

A unguwanninmu na Nima da Mamobi, idan aka ce yaro yana shan tramol, wato tramadol, hukuncin a shirye yake tun kafin a ji ba'asi: ɗan iska ne, ya bi abokan banza, iyayensa ba su yi masa tarbiyya ba, ya bar salla. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Amma ina so mai karatu ya ɗan ajiye wannan hukunci ya saurari labarin wani mutum da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, wanda ba ɗan Nima ba ne, kuma ƙwayar da ke cikin safar yaron nan ita ce dai ta kai shi bakin halaka.

Sunansa Chris Kirkland, Bature ne ɗan Ingila, mai tsaron gida. Masoya Liverpool na unguwarmu, waɗanda ba su da iyaka, za su tuna shi. A 2001 Liverpool ta saye shi daga Coventry a kan fam miliyan 6, yana da shekara 20. Tun yana yaro mahaifinsa da wasu abokansa suka sa fam ɗari-ɗari a caca cewa zai tsare wa Ingila gida kafin ya cika talatin. Caca dai haramun ce, ba ina tallarta ba ne, na kawo ta ne don a ga irin tabbacin da uban yake da shi a kan ɗansa. A watan Agustan 2006 aka sako Kirkland bayan hutun rabin lokaci a wasan Ingila da Girka, kowannensu ya karɓi fam 10,000. Wannan shi ne wasansa na farko kuma na ƙarshe a rigar ƙasarsa, domin jikinsa bai taɓa barinsa ya huta ba: yau yatsa, gobe wuyan hannu, jibi baya.

Bayan ne ya ci shi. Da ya koma Sheffield Wednesday a 2012, an sa masa sharaɗi a kwantiragi cewa idan ciwon baya ya hana shi buga wasanni uku, kulob na da ikon sallamarsa. Sai ga ciwon ya motsa ana daf da fara kakar wasa ta biyu. Ya rasa yadda zai yi: in ya faɗa, aikinsa na cikin haɗari, in ya yi shiru, ba zai iya tsayuwa a raga ba. Sai ya nemi tramadol. Ku dubi wannan da kyau, domin tsoron da ya sa Baturen nan ya haɗiyi ƙwayar farko shi ne tsoron da ya sa yaron Kawukudi ya haɗiyi tasa. Dukansu biyu suna jin cewa idan suka ce wash, wani zai karɓe gurbinsu kafin gari ya waye.

Likitoci sun ƙayyade cewa kada babba ya wuce miligiram 400 na tramadol a yini. Kirkland da bakinsa ya ce ya kai yana shan 2,500. Yana ɓoye ƙwayoyin a mota da cikin durowa, matarsa ba ta sani ba, abokan wasansa ba su sani ba, yana fita fili dubban mutane na kallonsa babu wanda ya lura. A 2016, yana tare da kulob ɗin Bury a sansanin atisaye a ƙasar Fotugal, ya tsinci kansa cikin dare a kan rufin bene yana shirin faɗowa. Allah ya sa bai faɗo ba. Ya kira matarsa a waya, ya koma gida, ya gaya mata abin da ya shekara uku yana ɓoyewa.

Da fim ne, a nan za a rufe labule. Amma ba haka ta kasance ba, kuma abin da ya biyo baya shi ne ya fi amfani gare mu. Ya daina, ya koma. Ya kwanta a wata cibiyar jinyar masu shaye-shaye a arewacin Wales a 2019, ya fito da ƙarfinsa, kullen korona ya zo ya sake komawa. Da ya rasa ta hannun likita sai ya koma saye ta intanet, ba ya ma sanin abin da ake aiko masa. A farkon 2022 ya sha wasu ƙwayoyi da suka juya masa kai har ya rasa ko shi wane ne, sai na'urar nuna hanya ta motarsa ce ta mayar da shi gida. Daga nan ya sake dainawa, ya yi kwanaki yana rawar sanyi da gumi da amai a ɗaki, matarsa na gadinsa. A watan Yulin 2022 ya fito ya gaya wa duniya komai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninsa shi ne tsarin da suka yi a gida bayan haka. Ya yarda matarsa ta riƙa gwada shi da na'urar gwajin ƙwaya a duk lokacin da ta ga dama. An gaya wa mai kawo saƙonnin gidan waya kada ya ƙara miƙa masa wani ƙunshi a hannu. Wato mutum mai shekara arba'in da ɗoriya, tsohon golan Ingila, ya amince cewa ba za a bar shi da kansa ba, ya miƙa wa wani makullin. Bai ce ai shi namiji ne ba. Bai ce ya yi rantsuwa ya wadatar ba.

Yanzu mu dawo gida. Tramadol magani ne na gaskiya, wani kamfanin Jamus ne ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977, kuma mai ciwon daji ko wanda aka yi wa tiyata yana samun sauƙi da shi. Dangin su mofin ne, sai dai yana da wani aiki na biyu a ƙwaƙwalwa, yana ɗaga rai, ya sa mutum ya ji garau kamar ba shi da damuwa. Shi ya sa mai acaba da ɗan dako da lebura da kayaye suke nemansa, ba don su yi maye su kwanta ba, don su yi aikin mutum biyu. Matsalar ita ce jiki yana sabawa. Abin da ɗaya ta yi a watan jiya, sai biyu a wannan watan. Idan aka zarce ƙima yana kayar da mutum yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, kuma mu nan sau nawa muka ga saurayi ya faɗi a bakin titi aka ce aljanu ne. Idan kuma aka daina farat ɗaya, sai ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci, da wani baƙin ciki mai nauyi da ba a san daga inda ya fito ba. Wanda bai san wannan ba shi ne yake cewa ai in ya ga dama yau zai bari.

A Gana abin ya yi ƙamari a wajajen 2017 da 2018. Hukumar kula da abinci da magunguna ta amince ne kawai da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, bisa takardar likita, amma abin da ke yawo a lungu mai 120 ne da 225 da 250, wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. A 2018 gwamnati ta tsaurara doka a kan tramadol da maganin tari mai kodin, a shekarar da Najeriya ma ta hana kodin ɗin bayan wani binciken BBC da ya tayar da ƙura. Wani bincike da aka yi a Najeriya a wajajen wannan lokaci ya nuna mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba, saboda haka 'yan'uwanmu na Kano da Zariya ba baƙi ba ne a wannan magana. Da aka matsa wa tramadol, 'yan kasuwar ba su rufe shago ba, sauya haja suka yi. A watan Fabrairun 2025 BBC ta sake fitar da wani bincike da ya bi sawun ƙwayoyin daga titunan Tamale har zuwa wani kamfani a Mumbai mai suna Aveo, inda ake haɗa tapentadol, wanda ya fi tramadol ƙarfi, da wani maganin sakin jijiya mai suna carisoprodol. Babu ƙasar da ta yarda a sha wannan haɗi a duniya. Indiya ta haramta shi kwanaki kaɗan bayan fitar binciken. Ita ce ƙwayar da samarinmu ke kira Red, kuma har yanzu da yawansu tramol suke ce wa komai, ba su san an canza musu abin da ke cikin ledar ba.

Duniyar wasanni ma ta farka, ko da yake a makare. Hukumar tseren keke ta hana tramadol tun 2019, har aka soke wa Nairo Quintana na Kolombiya matsayi na shida da ya samu a babban tseren Faransa na 2022. Daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta sa shi cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa. Ma'anar wannan ga yaron Zango a fili take: ko da Allah ya ɗaga shi ya samu kulob a Turai, fitsarinsa zai iya dawo da shi gida. Na tambayi kaina ko koci nawa ne a ƙananan kulob-kulob ɗinmu suka taɓa zaunar da yara suka gaya musu wannan.

Ba za a fahimci nauyin da ke kan yaran nan ba sai an dubi hoton Mohammed Kudus da aka zana a bangon unguwa. Kudus ɗan Nima ne, a nan ya fara da Strong Tower, ya wuce makarantar Right to Dream, ya tafi Nordsjaelland ta Denmak a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Ranar 28 ga Nuwamban 2022 da ya zura wa Koriya ta Kudu biyu a Ƙatar, babu wanda ya yi barci da wuri a Nima. Yaron kirki ne, abin alfaharinmu, kuma ba shi da wata alaƙa da abin da nake magana a kai. Amma hasken da ya haska ya sa kowane gida mai ɗa namiji da ya iya taɓa ƙwallo ya fara lissafi. Uwa tana sayar da wake da shinkafa tun asuba, tana kallon ƙafar ɗanta a matsayin ginin da za a yi mata da kujerar Makka. Yaro ɗan shekara 17 ya san wannan sarai, ko ba a faɗa masa ba. To ta yaya zai dawo gida ya ce gwiwarsa ta ƙi? A bayan Kudus ɗaya akwai ɗaruruwan da suka kai shekara 24 ba su je ko'ina ba, makaranta ta wuce su, ba su koyi sana'a ba, sai tsohon ciwo a idon sawu da hotunan gwaji a waya. Su ne za ka tarar a majalisun da muke kira bes, ana dafa ataya har tsakar dare. Ba duk bes ne wurin shaye-shaye ba, kada a yi mini mummunar fahimta, wasu ma su ne ke share kwata da haɗa kuɗin jinyar marasa lafiya. Amma wanda burinsa ya mutu a hannunsa yana da sauƙin kamu.

Da abin yaron nan na Kawukudi ya fito fili, bayan ya faɗi sau biyu, mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, “Malam, don girman Allah ka rufa mana asiri. Ƙannensa mata biyu ba su yi aure ba.” Na ce, “Hajiya, ai ba kasuwa zan kai shi ba, asibiti nake cewa.” Ta ce, “Asibitin mahaukata? Gara a ce mini ya mutu.” Ba ta faɗi haka don ba ta son ɗanta ba. Ta faɗa ne don ta san unguwar da take zaune. Ta san cewa ranar da aka ga ɗanta a asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang, sunan gidan ya canza har abada.

A nan ne nake ganin muka karkatar da wata kyakkyawar koyarwa. Malamanmu sun karantar da mu falalar suturta ɗan'uwa Musulmi, kuma gaskiya suka faɗa. Amma suturar da ake nufi ita ce kada ka tallata aibin mutum a bainar jama'a don ka wulaƙanta shi. Mu kuwa mun juya ta: a bes da bakin famfo da gidan suna kowa ya san ɗan wane yana sha, ana ta gulma, mutum ɗaya tak da ake ɓoye wa shi ne likita. Wanda zai cutar ya ji, wanda zai taimaka bai ji ba. Shekara uku Kirkland ya yi yana rufa wa kansa asiri, ƙarshenta rufin bene ya kai shi. Sauƙinsa bai fara ba sai ranar da ya buɗe baki ga mutum ɗaya da ya dace.

Idan kuma abin ya gagari ɓoyo, sai mu tsallaka zuwa ɗaya gefen, mu ɗauko mari. Kowa ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa, iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. A Gana ma an sha bankaɗo sansanonin addu'a da ake ɗaure marasa lafiya a jikin bishiya, duk da hanin da hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta yi a 2017. Ban raina addu'a ba, ni ma da ita na dogara, kuma na ga yadda komawa sahun salla yake riƙe mai neman dainawa fiye da kowace lacca. Amma sarƙa ba ta cire ƙwaya daga ƙwaƙwalwa. Tana hana hannu kaiwa baki ne na wata uku, ranar da aka kwance sai ya fita da ƙishinsa da kuma sabon ƙullin gaba da iyayensa. Ga wani haɗarin da ba a faɗa wa iyaye: wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi, idan ya koma ya ɗauki adadinsa na da, a nan ne ake rasa rai.

Abin mamaki, dokar ƙasa ta riga mu yin gaba. Dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 2020 ta ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiyar jama'a. A ƙarƙashin tsohuwar dokar 1990 shekaru ake yanke wa wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, yanzu tara ce daga sidi 2,400 zuwa 6,000, ko da yake talakan da ya kasa biya gidan yarin dai zai ƙare, wanda wannan gyara ne da ya rage. A watan Maris na 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Kafin nan, da a Akara Kirkland ya yi yunƙurin ya tsira, kotu ce za ta jira shi. Sai dai doka a takarda take. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a duk ƙasar, na Akara da Pantang da Ankaful, dukansu a kudu, kuma zaman jinyar shaye-shaye kuɗi ne da mai sayar da koko ba za ta iya ba.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kana kwatanta mu da Bature mai fam miliyan, wanda ƙungiyar 'yan wasan ƙasarsa ke da asibiti da masu ba da shawara. Gaskiya ne. Tony Adams, tsohon kyaftin ɗin Arsenal da giya ta kai shi kurkuku, shi ya kafa cibiyar Sporting Chance a 2000 don 'yan wasa irinsa. Dele Alli, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, da ya faɗa wa Gary Neville a watan Yulin 2023 cewa maganin barci ya kama shi, sati shida ya yi a wata cibiya a Amurka, abin da yaronmu ko a mafarki ba zai gani ba. Ban musa ba. Amma a sake duba labarin Kirkland. Cibiyar mai tsada ya shiga ya fito ya koma ruwa. Abin da ya riƙe shi a ƙarshe mace ce da ta ƙi gajiya, da ɗan saƙo da aka ce kada ya ba shi ƙunshi, da kuma cewa kowa ya riga ya sani, babu sauran abin ɓoyewa. Wannan kuwa wa ya fi mu shi? A Nima ba ka isa ka yi atishawa maƙwabci bai ce yarhamukallahu ba. Idon da muke sa wa juna, wanda a yanzu gulma kawai yake haifarwa, shi ne dai Baturen ya nema ya kafa a gidansa da kuɗi da roƙo.

Abin da ya fi mana wuya shi ne komawa. Muna iya yafe wa yaro sau ɗaya. A kai shi gaban liman, ya dafa Alƙur'ani, a yi masa addu'a, a yanka kaza. Bayan wata huɗu aka sake ganinsa idanu sun yi ja, sai a ce ai mun gaya muku, ba ya jin magana, a sallama shi. Har rantsuwar ma ta zama masa wani sabon nauyi, domin yanzu yana ganin ya saɓa wa Allah ya saɓa wa mutane, to me ya rage? Da haka aka yi wa Kirkland, da tun 2019 an gama da shi. Masu jinyar wannan ciwo sun san komawa wani yanki ne na hanyar, kamar yadda mai hawan jini kan sake kwanciya ba a ce ya ci amana ba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mu a wannan fage da wuri muke ɗauko wuƙa.

Ina da ƙorafi a kan masu ƙwallon kansu. An shimfiɗa filayen roba a wasu Zangogi da kuɗin asusun raya Zango, an yanke kyalle an ɗauki hoto, madalla. Ana buga gasar Ramadan mai sunan Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, Zango da Zango suna karawa, taron da babu irinsa wajen haɗa samarinmu wuri guda. A irin wannan taro, mene ne wahalar a samu ma'aikacin jinya ɗaya a gefen fili, wanda yaro zai nuna wa gwiwa ba tare da kocinsa ya ji ba? Kocin da ya ga yaro na ɗingishi ranar Talata ya gan shi yana tashi sama ranar Asabar, ya san ba zamzam ya sha ba. Shirunsa saye ne, yana sayen nasarar Asabar da rayuwar yaron. Ni ma da na tsaya a gefen fili na tafa, da ni aka yi cinikin.

Yaron bai je Pantang ba, Hajiya ta ƙi har ƙarshe. Yayarsa ce, wadda ke aure a Mamobi, ta ɗauke shi ba da sanin kowa ba ta kai shi wajen wani likita, aka riƙa rage masa a hankali maimakon yankewa farat ɗaya. Ta karɓe lambar sirrin MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗinsa na waya, duk abin da ya samu a garejin da yake koyon gyaran babur a hannunta yake sauka, ita take ba shi na abinci kullum da safe. Ta je wurin mai kemis ɗin lungunsu da kanta, ban san abin da ta gaya masa ba, amma tun daga ranar ko fanadol yaron ya je saye sai an kira ta. Ya koma sau biyu. A na biyun mijinta ya ce ya gaji, ta ce masa, “Maigida, ka yi haƙuri, in na sake shi wa zai kama?”

Ƙwallo kam ta wuce shi, shi ma ya sani. Da yamma yana taimaka wa wani koci da 'yan ƙasa da shekara 15. Kwanakin baya na bi ta filin na tarar ya jera su kafin a fara wasa, kowa ya zauna a ƙasa ya tuɓe takalmi ya zazzage safa, suna ta dariya don sun ɗauka tsakuwa yake nema. Da ya hango ni ya taso ya ɗan rusuna. Na ce, “Yaya jiki?” Ya ce, “Malam, wata bakwai da kwana tara.” Sai ya ce in ara masa sidi biyar zai sayi ruwa wa yara, Yaya ba ta ba shi na yau da yawa ba. Na sa hannu a aljihu, sai na fasa, na kira mai ruwan na biya ta da kaina. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ɗauki ledar ya koma wajen yaransa.